Dabbobin Kaka da baƙin alƙalami

Kakata ba ta taɓa kiran su da wani suna ba sai "dabbobinmu". In ta idar da sallar la'asar ta naɗe dardumarta, sai ta ce, "Ke, ɗauko mana dabbobinmu." Ni kuma in taka kujera in sauko da wani tsohon gwangwanin alawa daga saman kabad. A cikinsa katunan wasan yara ne guda talatin da biyar, kowace dabba da 'yar'uwarta: zomo biyu, raƙumi biyu, kunkuru biyu, haka har ƙarshe. Ana kifa su a ƙasa, ka buɗe biyu. In sun dace ka ɗauka, in ba su dace ba ka mayar, ka riƙe wurinsu a ka. Talatin da shida ya kamata su zama. Bushiya ɗaya ta ɓata tun Baba yana yaro, kuma duk sanda aka tayar da maganar sai ya ce shi bai san komai ba.

Kakana ne ya saya wa Baba su a wani shago a unguwar Anbariyya a Madina, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Kwalinsu ya daɗe da yagewa, don haka ba wanda ya san ƙasar da aka buga su. Takardar mai kauri ce, gefunanta sun yi laushi kamar tsohon zane, launin kuma ya koɗe har kusan komai ya koma ruwan shayi da madara. Amma fuskokin suna nan. Ko waye ya zana su, ya san mutane. Zomo yana kallon gefe kamar ya ji ana gulmarsa. Raƙumi ya ɗage leɓe irin na dattijon da aka miƙa wa shayi ba sukari. Kunkuru kuwa kamar yana jiran ka gama surutunka ya faɗi tasa.

A Madina aka haife ni, a nan aka haifi Baba. Kaka ce ta zo tana yarinya daga wani ƙauye kusa da Kano, ta Chadi da Sudan, wani wuri a mota wani wuri a ƙafa. Mu 'ya'yan gidan muna jin Hausa sarai, amma in an yi mana magana da Larabci muke mayarwa. Kaka ba ta yarda da wannan ba a wurin wasa. Dokarta ita ce ba ka ɗaukar biyun da ka dace sai ka faɗi sunan dabbar da Hausa.

"Arnab," in ce, ina miƙa hannu.

Sai ta doke hannun. "Arnab ɗin gidanku. Zomo."

"Zomo, zomo, halas, shi ke nan, ba ni."

"Sake faɗa. A hankali, ba kora ake yi ba."

Akwai waɗanda ita ma ba ta san su ba, ba ta kuma taɓa nuna haka ba. Wani tsuntsu baƙi da fari mai tsayuwa kamar mutum ta sa masa agwagwa mai kwat. Wata ƙatuwar dabba mai gashi da ke tsaye da ƙafa biyu ta ce sunanta baƙo, tunda ba ta ƙasarsu ba ce. Na girma kafin in gane ita ta ƙirƙiro su.

Uku ne suka fi ba ni wuya: dila, yanyawa da kyarkeci. Duka ƙafa huɗu, duka jela mai gashi, duka launinsu ya koɗe ya zama ɗaya. Kullum sai na haɗa su. Kaka takan ɗora yatsa a kan katin ta ce, "Dubi kunne, dubi baki. Ke dai ba kya dubawa, gaggawa ta yi miki yawa." In duba, in faɗa daidai, gobe in manta.

Ta rasu ina shekarar ƙarshe ta makarantar tsakiya. Mata ba sa shiga maƙabarta, daga bayan katanga muka tsaya ni da Umma. Da aka zo rabon 'yan kayanta, na ɗauki gwangwanin ban tambayi kowa ba, ba wanda kuma ya ce min ajiye.

Daga nan na shiga neman bushiyar nan. Ban san me ya sa ba, na dai ji ba zan iya barin ta ita kaɗai ba. Duk ranar da Umma za ta Anbariyya sayen yadi sai na bi ta, in ja ta cikin tsofaffin shagunan littattafai da kayan makaranta. Lokacin ana ta rushe-rushe a wajen, masu shaguna suna fito da abin da ya shekara ashirin a ƙarƙashin kanta. Akwai wani tsoho mai tabarau da ya saba da ni. Da ya hango abayata a bakin ƙofa sai ya ce, "Ya binti, 'yata, yau ma babu bushiya," sannan ya sunkuya yana nishi ya jawo wani kwali.

Ban samu irin na Kaka ba, amma na samu wasu. Akwai na iyalan masu sana'a, mai burodi da matarsa da 'ya'yansa biyu, kowa da gari a kumatu. Akwai na tsuntsaye da haruffan Larabci. Akwai na giwaye, bugun arha, launin ya zarce layin zane har giwa ɗaya ta samu kunne uku. Na fara gane tsoho da sabo tun daga nesa. A tsofaffin kana ganin sawun burushi, kuma ido ɗaya bai cika yin daidai da ɗaya ba. Sababbin da 'yan ajinmu ke musaya a ƙarƙashin benci sheƙi kawai suke yi, idanunsu duk iri ɗaya, manya, ba kowa a ciki. Cikin shekara uku na tara kala goma a kwalin takalmi, gwangwanin Kaka a samansu. Umma tana cewa, "Yalla, mutane na sayen zinariya, ke kina tara ƙura." Amma ita ce ta ɗinka min 'yar jakar da nake sa na giwayen.

Ina aji biyu na sakandare wani ɗan'uwanmu ya zo daga Kano karatu a jami'ar Musulunci. Jikan ƙanwar Kaka ne, muna ce masa Yaya. Siriri ne, mai kunya, da farar hula. Duk Juma'a bayan an sauko yakan zo gidanmu a unguwar Sultana cin abinci. Larabcinsa irin na mai karanta labarai ne a rediyo, mu yi ta danne dariya a kicin. Shi ma in ya ji Hausarmu sai ya sunkuyar da kai yana murmushi. Baba kuwa ba a magana. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, firamare kawai ya gama, kuma tun yana yaro yake jin ana ce masa Takruni, sunan da ake kiran baƙaƙen Afirka ta Yamma da shi a nan, da irin muryar da ke nufin ba ka san komai ba. Yanzu ga ɗan'uwansa na jini a jami'a. Duk wanda ya shigo shagonsa sai ya ji labarin.

Wata Juma'a na kawo musu shayi na tsaya a bakin ƙofa da mayafina. Yaya ya ce da Hausa, "Ƙanwata, ban da karatu me kike yi?"

Na so in ba shi amsa da Hausa tsantsa, ko kalma ɗaya ta Larabci babu, don ya daina murmushin nan. Matsalar ita ce Kaka ba ta taɓa gaya min sunan abin ba. Da Larabci muna cewa kart. Na kuma lura Hausa takan ɗauki kalmarmu ta ƙara mata wasali a ƙarshe: dars ya zama darasi, daftar ya zama daftari. To shi ke nan.

"Karta nake yi," na ce. "Ina da karta da yawa. Kaka ce ta koya min."

Ya ajiye kofin. "Hajiya ce ta koya miki karta?"

"Kullum bayan la'asar."

"A kan me kuke yi?"

"A kan tabarma mana."

Baba ya ƙware da shayi. Umma na jiyo mu daga kicin, na ji ta saki murfin tukunya tana dariya. Sai da Baba ya gama tari ya yi masa bayani cewa hotunan yara ne, ba abin da yake zato ba. Yaya ya dafe ƙirji. "Kin ba ni tsoro. A wurinmu karta ta 'yan caca ce, waɗanda ke zama a bayan tasha. Har na fara yi wa Hajiya istigfari." Ya juya wajen Baba yana dariya. "Hausar 'yan Madina sai su."

Da na koma kicin a lokacin, da maganar ta mutu a nan, ta zama abin tsokana na shekara guda. Amma ni ba na iya barin a yi min dariya in tafi. Na shiga ɗaki na ɗauko kwalin takalmin gaba ɗaya, har da gwangwanin, na zazzage su a kan kafet a gabansa.

"Ga su nan. Duba da idonka ka ga ko caca ce."

Zomo ya fara ɗauka. Ya daɗe yana kallonsa, har na ɗauka burge shi ya yi, wataƙila ma ya burge shi ɗin. Sai na ga dariyar ta bar fuskarsa. Ya ɗauki mai burodi, ya ɗauki giwa. Sannan ya koma Larabcinsa na rediyo, ya yi ƙasa da murya, ya ce wa Baba ba caca ba ce, gaskiya ne, amma hotunan masu rai ne, kuma abin da ya karanta shi ne mala'iku ba sa shiga gidan da aka ajiye su. Ba da faɗa ya faɗa ba. Kamar mai gaya maka akwai kunama a takalminka.

A shekarar nan ne aka hana yara wasu katunan 'yan dodanni da suka cika gari, ana ta ƙwace su a makarantu, iyaye duk a tsorace da duk wani abu mai kama da kati. Na ga Baba ya kalli tarin da ke kan kafet kamar yau ya fara ganinsa.

Umma ta leƙo ta ce a makaranta ai layi kawai malamai ke ja a wuyan hoto cikin littafi, shi ke nan an raba kai da jiki. Yaya ya ce layi yana barin fuska yadda take, abin da ya fi aminci shi ne a shafe kan gaba ɗaya. Ya ƙara da cewa ba sai an ƙone su ba. Na tabbata a ransa sauƙi yake nema min.

"Kafin Juma'a mai zuwa," in ji Baba.

"Har da na Kaka?"

Bai kalle ni ba. "Har da na Hajiya."

"Kaka ta shekara hamsin tana sallah a Harami," na ce. "Mala'iku ba su taɓa kawo ƙararta ba sai da wannan ya zo."

Baba bai taɓa dukana ba, ranar ma bai yi ba. Ya dai miƙe tsaye ya ce, "Kwashe kayanki ki shiga ciki." Yaya ya ƙura wa kofinsa ido.

Na yi mako guda ina neman hanya. Na ce wa Baba tunda kowace dabba biyu ce, a shafe ɗaya a bar ɗaya. Ya ce hoto ɗaya ma hoto ne. Na ce wa Umma a ba direban da ke kawo mana dabino daga Khaibar ya kai wa goggona da ke can gwangwanin ta ɓoye min. Ta ce Baba zai tambaya, ita kuma ba za ta yi masa ƙarya ba. Na daina cin abinci tare da su, ba wanda ya lallashe ni. Ranar Laraba Baba ya dawo daga shago ya ajiye wani abu a kan teburina ya fita. Baƙin alƙalami ne mai kaurin baki, irin wanda yake rubuta sunan mai kaya da shi a jikin na'ura. Warinsa kamar na fetur.

Ranar Alhamis ba makaranta, lokacin Alhamis da Juma'a ne hutunmu. Bayan azahar na zauna a ƙasa na fara da kala goman nan. Da sauri na yi su, da haushi, ina danna alƙalamin har yana ƙara. Mai burodi, matarsa, 'ya'yansa. Tsuntsaye. Giwa mai kunne uku. Ban tsaya kallon kowa ba.

Da na buɗe gwangwanin Umma ta shigo ta zauna a bakin gado.

"Kawo in yi miki waɗannan."

"A'a."

"To rubuta sunan kowace kafin ki shafe. A baya."

"In na yi rubutu a baya wasan ya mutu, kowa zai gane katin tun yana kife."

"To a gaba, ƙarƙashin ƙafafu."

"Na san su, ya Ummi. Shekara nawa ina yi. Ki bar ni in gama."

Ta bar ni. Minti biyar zai ɗauke ni in rubuta. Ba na son in yi minti biyar ɗin ina kallon fuskokinsu, shi ya sa. Na shafe zomo, na shafe 'yar'uwarsa. Raƙumi sai da na bi sau biyu saboda leɓen ya ƙi ɓuya. Agwagwa mai kwat, baƙo, kunkuru. Hannuna ya yi baƙi har wuyan hannu.

Ta ƙarshe ita ce bushiya. Na ɗaga alƙalamin ina neman inda zan sa, babu. Mai zanen ya yi ta a dunƙule, ƙwallon ƙaya kawai a kan ciyawa, ba ido ba hanci. Shekara da shekaru ina kallonta ban taɓa lura ba ta da fuska ba. Na ajiye ta gefe.

Da tawadar ta bushe na jera su a kan kafet biyu-biyu, ina faɗin sunayen kamar yadda Kaka ke so, a hankali. Na zo kan guda shida na tsaya. Jiki shida masu ruwan shayi, jela shida, baƙin dunƙule shida. Na iya haɗa kowanne da ɗan'uwansa ta yanayin tsayuwa: biyu a zaune, biyu suna tafiya, biyu sun ɗaga ƙafa ɗaya. Amma wanne ne dila? Na rufe ido ina neman yatsan Kaka a kan katin. Ina jin muryarta tana cewa dubi kunne. Ba kunnen.

Na kai wa Baba. Ya juya su a hannu ya ce shi duk kalb, wato kare, yake ce musu tun yana yaro, Hajiya ta gaji ta ƙyale shi. Umma kuwa ba ta taɓa yin wasan ba.

Ranar Juma'a ban jira an gama cin abinci ba. Na shigo da kwalin na ajiye a gaban Yaya. Ya ce ba sai ya duba ba, ya yarda. Na ce sai ya duba. Sannan na jera masa shidan nan.

"Kai ne Bahaushen asali. Wanne ne dila, wanne ne yanyawa, wanne ne kyarkeci?"

Ya sunkuya da gaske yana dubawa, don shi ba ya iya ƙin amsa tambaya. "Ni a cikin birni na tashi, ban taɓa ganin ko ɗaya ba sai a littafi. Amma yanyawa ai ba ta da wuyar ganewa, da kunne ake gane ta. Da kan yana nan da..."

Bai ƙarasa ba. Ni ma ban taimake shi ba.

Na miƙa masa bushiyar. "Wannan fa, malam? Ina zan shafa?"

Ya duba gaba, ya duba baya. "Ba a ga kanta ba. A bar ta."

"An gode. Allah ya ƙara ilimi."

Baba ya karɓi katin daga hannunsa. Na zaci zai yi min faɗan rashin kunya, sai na ga yana shafa gefen katin da babban yatsa. Ya ce, da Hausa, shi da ba ya yi min Hausa, "Ɗayar ni na jefa ta a tsagar bango a tsohon gidanmu. Ina so in ga ko za ta fito ta ɗaya gefen. Na ji tsoron gaya wa Hajiya." An rushe gidan tun kafin a haife ni, wurin ya shiga cikin Harami, yanzu farin dutse ne a shimfiɗe, mutane na sallah a kai. Ya miƙo min katin ya ce a kawo shinkafa.

Ban sake shiga shagunan Anbariyya ba. Umma ta ce tsohon mai tabarau ya tambaye ta ina 'yar bushiya, ta ce masa karatu ya yi min yawa.

Bayan shekara biyu, dab da zai gama, Yaya ya ce wa Baba ya ƙara karatu a kan mas'alar, ya ga akwai malamai da suka sassauta a kan kayan wasan yara, kuma da ya sani a lokacin da bai yi saurin magana ba. Ya nemi a kira ni. Na tsaya a bakin ƙofar nan dai.

"Ƙanwata, ki yafe min."

"Tawadar ba ta fita," na ce. "Na gwada."

Na gwada ɗin kuwa, da turare, a kan ɗan mai burodi. Baƙin bai tafi ba, takardar ce ta narke ta bar rami. Daga baya na ce masa na yafe, don Umma ta tsare ni da ido, kuma don na san ba shi ya zazzage kwalin a kan kafet ba, ba shi ya ƙi rubuta suna ba.

Kwalin takalmin ban san inda ya shiga ba a wata ƙaura da muka yi daga baya. Gwangwanin yana wurina. 'Yar ƙanwata takan zo, shekararta shida, Hausarta ba ta kai ko rabin tawa ba. Nakan kifa mata su a kan tabarma, in hana ta ɗauka sai ta faɗi suna. Ba ta taɓa tambayar me ya sami kawunansu ba, tana zaton haka aka yi su. Rannan ta buɗe biyun da suka ɗaga ƙafa ɗaya, ta dube ni.

"Dila," na ce.

"Wancan satin kin ce yanyawa."

"To yanyawa."

"Wanne ne a ciki, Khala?" Haka take kirana, wato inna da Larabci.

Na ce ta ɗauka kawai, ta ci.